Rigar da Na Ce Ba Za Ta Ga Wanki Ba

Har gobe ba na mantawa da Asabar ɗin da bakina shi kaɗai ya ci wa kwalejinmu wasa, alhali ko ƙwallon ban taɓa ba. Ku da kuka shigo ɗakin kayan nan kwanan nan kuna ganina da tumbi da furfura, kun ɗauka ninke tawul kawai na iya. To ku sani, a duk faɗin North Carolina ba a taɓa yin Bahaushen da ya girgiza ƙwallon Amurka kamar ni ba. Gaskiya ne a lokacin ni kaɗai ne Bahaushen da ke cikin harkar. Gaskiya ne kuma saura ƙiris girgizar ta tafi da aikina da karatuna da haƙarƙarin ɗan mutane. Amma bari in ɗauko muku daga farko.

Na fara aiki a ɗakin kayan wasa a watan Janairun 1981, ina ɗalibin aikin gona a wata ƙaramar kwaleji a nan Greensboro. Aikin ba na taƙama ba ne, amma shi ne ya riƙe ni. Muddin ina yin sa kwaleji ta ɗauke mini kuɗin makaranta, muddin ina makaranta kuma takardar zamana na da rai. Ranar da aikin ya faɗi, komai ya bi shi, sai in kwashi matata Hajara da jaririyarmu mu koma gida ba digiri.

Ga yadda muƙamai suke, daga sama zuwa ƙasa. Akwai daraktan wasanni, wanda ba ma ganinsa sai an ci kofi. Sai babban koci, wanda kowa ke kira Koci kawai, kamar ba a raɗa masa suna ba. Sai mataimakansa, sai mai kula da lafiyar 'yan wasa. Daga nan sai Mista Otis, shugaban ɗakin kaya, wani dattijo baƙar fata daga McLeansville, wani ƙauye can bayan gari, wanda ya fi ginin kwalejin sanin tarihinta. A ƙarƙashin Mista Otis akwai injin wanki, a ƙarƙashin injin wanki sai ni. Sunana Garba ya gagare su, suka mayar da ni Gary.

Wasan kansa, ga wanda bai sani ba, ƙwallon ƙafa suke ce masa amma ƙafa ba ta cika taɓa ƙwallon ba. Ƙwallon ma ba zagayayya ba ce, siffar gwanda gare ta. Mutum ɗaya ne ke karɓarta ya jefa wa 'yan uwansa ko ya miƙa wa mai gudu, shi suke kira kwatabak. A gabansa akwai ƙarti biyar, aikinsu kawai su tare masa hanya, domin a ɗaya ɓangaren akwai wasu ƙartin da ba su da buri a duniya sai su cimma sa su danne. In biyar ɗin nan sun ƙware, kwatabak yakan gama wasa fes. In ba su ƙware ba, sai dai a kwashe shi.

Shekarar da ta gabata ƙungiyar ta yi tashe, amma ban riske ta ba. Abin da na riska shi ne bayanta. Ƙartin nan biyar duk sun gama karatu a tare, kwatabak ɗin da ake ji da shi ya gama, masu gudu biyu sun gama. Da Turancinsu kuwa, idan ɗan wasa ya kammala karatu ya tafi, cewa suke yi sun rasa shi. Ranar farko da na ji Koci a waya yana lissafo sunayen waɗanda aka rasa da murya ƙasa-ƙasa, hulata na cire, na tsaya bakin ƙofa ina salati. Na je na tambayi Mista Otis ko haɗarin mota ne ya cinye yaran gaba ɗaya. Dattijon nan ya yi dariya har sai da ya dafa injin wanki. Ya ce ɗaya yana sayar da inshora, ɗaya ya yi aure, sauran kuma suna nan suna ƙiba.

Wanda ya gaji kujerar kwatabak wani yaro ne Terrence, ɗan Pleasant Garden, siriri kamar sillen kara, mai ladabi, mai kai. Hannunsa dai matsakaici ne. Masu tare masa hanya kuwa duk sababbi ne, ko sau ɗaya ba su taɓa fara wasa ba.

A tsakiyar Agusta ake yin abin da suke kira ranar 'yan jarida. Ana sa wa 'yan wasa sababbin riguna, a ɗauki hotuna, sannan koci ya tsaya ya faɗi yadda yake ganin kakar wasa za ta kasance. Washegari jaridar gari ta buga hasashenta. Ni wannan ce ta farko a wurina. An ba ni teburin ruwan sanyi a gefe, ina ta washe baki, ina jiran in ji maigidana ya kambama gidansa.

Sai Koci ya buɗe baki. Ya ce bana in muka ci wasa biyu, walima za a yi. Ya ce masu tsaron gabansa yara ne, wasu ko aski ba su fara yi wa gemu ba. Ya ce jifa kuwa a manta da ita, gudu da ƙwallo kawai za mu yi ta yi har Allah ya kawo ƙarshen shekara, domin kwatabak ɗinsa in iska ta taso sai an ɗaure shi da benci. 'Yan jarida suna rubutawa suna gyaɗa kai. Terrence yana tsaye nan kusa, kansa a sunkuye.

Ni kuwa kunya ta kama ni tun daga tafin ƙafa. A garinmu, ko tukunya ba a ɗora ba a gidanka, baƙo ya tambaye ka ya gida, alhamdulillahi za ka ce. Ba a tona asirin gida a gaban bare. In kuwa maigida ya kasa rufa wa kansa asiri, wajibin barorinsa ne su rufa masa. Na ɗauka baƙin cikin rashin mutanensa ne ya taɓa wa Koci kai. Na ce a raina, yau ranar da zan biya gishirin da na ci ce.

Allah ya kawo wani ɗan jarida teburina, dogo, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya sha ruwa, ya tambaye ni daga ina nake, na gaya masa. Sannan cikin wasa ya ce, to kai da kake ganinsu kullum, me ka gani?

Ban san an tambayi maroƙi kirari ba sai da na ji bakina yana tafiya shi kaɗai. Na ce masa kada ya kula da maganar Koci, tawali'u ne ya yi masa yawa. Na ce yaron can da yake gani, in ya tsaya a tsakiyar fili ya jefa ƙwallo, sai an tura mota McLeansville a ɗauko ta. Na ce ƙartin gabansa kuwa katangar birni ce, ko sauro sai ya nemi izini. Mutumin ya ciro biro. Ganin biron nan ne ya ƙarasa ni. Na dafa ƙirji na ce, ni ne mai wanke rigunan nan, kuma na yi masa alkawari rigar Terrence ba za ta ga injin wanki ba bana, domin babu ɗan da aka haifa a jihar nan da zai iya kai bayansa ƙasa.

Ya tambaye ni yadda ake rubuta sunana. Na rubuta masa da hannuna, har da na mahaifina.

Ranar Lahadi abin ya fito. Hasashen Koci yana ciki, a ƙasa, da ƙananan haruffa. A sama kuwa hoton Terrence ne, da maganar rigar da ba za ta ga wanki ba da manyan haruffa. Na sayi jaridar har guda huɗu, ɗaya domin in aika gida.

Litinin da safe na tarar da Mista Otis ya shimfiɗa ta a kan injin wanki. Bai amsa gaisuwata ba. Ya tambaye ni ko na san abin da ake yi da irin wannan takarda. Na ce ana sa ta a firam. Ya ce a'a, almakashi ake sa mata. Kowane koci a yankin nan yana da allo a bakin ƙofar ɗakin 'yan wasansa. Duk wanda ya yi cika-baki a jarida, sai a yanko maganar a kafe ta a allon, yadda kowane ƙato zai karanta ta safe da yamma har ranar wasa, jininsa yana tafasa. Shi ya sa ba za ka taɓa jin koci ya yabi ƙungiyarsa kafin a fara ba. Mai jarumai ma kukan rashi yake yi, balle wanda ya yi rashin da gaske.

"Gary," in ji shi, "shekara da shekaru ina nan ban taɓa ganin mai wanki ya shelanta yaƙi ba. Je ka, Koci yana jiranka."

Na yi tsammanin ihu. Da ihun ya yi, da na fi samun sauƙi. Koci ya ce in zauna, ya rufe ƙofa da kansa, ya yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro alwala. Wasanmu na farko da wata kwaleji ce ta can yamma cikin duwatsu, waɗanda aka sani da mugun duka. Ya ce tun bazara yake shuka maganar cewa gudu kawai za mu yi, domin su jibge mutanensu suna jiran masu gudu, su ƙyale yaron ya samu ya saba da fili, masu tsaronsa kuma su samu su koyi aikinsu kafin a gane su. Ya ce yaron ba shi da laifi, zai yi kyau nan da wata biyu, in ya kai wata biyun da ƙasusuwansa a haɗe.

"Na ɓoye shi iyakar ƙoƙarina," in ji shi. "Kai kuma ka nuna musu inda za su sara, ka kuma zage su a kan hanya."

Na fara ba shi labarin yadda ake yi a garinmu. Ya ɗaga hannu. Ya ce ba zai kore ni yau ba, domin Otis ya tsufa kuma babu mai iya lallashin tsohon injin can sai ni.

"Amma in aka fitar da yaron nan daga fili a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, kada Litinin ta same ka a ginin nan. Ni da kaina zan kira ofishin ɗalibai baƙi."

Na fito. Abu na farko da na yi shi ne kiran ɗan jaridar, na roƙe shi ya buga cewa wasa nake yi. Ya ce duk bazarar nan bai buga abin da aka yi ta kiransa a kai kamar wannan ba, kuma in ina da ƙari yana sauraro. Na ajiye wayar.

Makonnin da suka biyo baya ba na yi wa maƙiyina fatansu. Sababbin ƙartin nan biyar suka daina yi mini magana, domin na ɗora musu alkawarin da ba su ɗauka ba, kuma duk ɗigon ƙasar da ya taɓa rigar nan sunansu zai ɓata. Safarsu mai wari, maimakon kwando, a ƙafata suke jefa ta. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Terrence. Yaron da a da yake jefa ƙwallo kusa-kusa cikin natsuwa ya koma neman McLeansville da gaske. A wurin atisaye sai ya ja baya ya saki ƙwallo iya ƙarfinsa, ta tafi ta faɗa hannun wanda ba a aika wa ba. Koci ya yi ta busa usur har muryarsa ta dushe. Kullum bayan atisaye yaron yana zaune da ƙanƙara a kafaɗa, abinci ma ya rage ci.

Ana saura kwanaki kaɗan wasa, ina ninke riguna da la'asar, sai ga wata mata a bakin ƙofa, da kayan aikin masaƙa a jikinta, burbushin auduga a gashinta. Ta tambaya ko ni ne mai wankin. Na ce ni ne, na jawo mata kujera. Ta ƙi zama. Ta ce ita ce mahaifiyar Terrence, daga aiki take, ta biyo ne kawai ta ga fuskata. Ta ce 'ya'ya biyu Allah ya ba ta, babban ya tafi soja ya mutu a can, aka dawo mata da tutar da aka lulluɓe gawarsa da ita.

"Wannan shi ne ya rage," in ji ta. "Ranar Asabar zan zauna daidai bayan bencinku. Duk lokacin da aka kayar da shi, ina so ka juyo ka kalle ni."

Ta juya ta fita.

Da na koma gida Hajara ta ajiye mini tuwo na kasa ci. Na zayyana mata komai, ina ƙarawa da cewa ni fa alheri na nufa, mutanen ƙasar nan ne ba su san rufin asiri ba. Ta bar ni na gama, tana jijjiga yarinya. Sannan ta tambaye ni sunan yayana, kamar ba ta sani ba. Na ce Ajuji. Ta ce me ya sa Inna ta sa masa wannan sunan?

Na san dalilin. Kafin a haifi yayana, Innarmu ta binne 'ya'ya uku. Da aka haife shi sai tsofaffin gida suka kai shi bakin juji suka ajiye, suka dawo da shi, aka raɗa masa sunan wurin zuba shara. Har ya yi wayo ba a taɓa sa masa sabuwar riga a fita da shi ba. In baƙuwa ta ce yaron nan ya yi kyau, Inna takan ce wane kyau, wannan abin. Ba don ba ta son sa ba. Don kada ido ya tsaya a kansa ne.

"To Malam," in ji Hajara, "kocin naka ya yi rashi, ya kai ɗan da ya rage masa juji ya ajiye. Kai kuma ka ɗauko shi ka kai tsakiyar kasuwa kana kaɗa masa ganga. Sannan ka ce su ne ba su san al'ada ba. Ci tuwonka, za ka buƙaci ƙarfi ranar Asabar."

Asabar ta farko a Satumba, da rana tsaka, a filinmu. Zafi kamar an buɗe murhu. Aikina a ranar wasa shi ne tawul da ruwa da sukudireba a aljihu, domin ɗaure hular kwanon da ta kwance. Da motar baƙin ta tsaya suka fara saukowa, na rantse muku sai da motar ta ƙara tsawo. Akwai wani a cikinsu wanda wuyansa ya fi cinyata kauri. Ina ganin ya kalli ɓangarenmu na ce shi ke nan, wannan ya haddace jaridar. Na waiga, ga mahaifiyar Terrence a inda ta ce, da jakarta a cinya.

An raba wasan kashi huɗu. A kashi na farko ba a daɗe ba ƙaton nan ya ratsa masu tsaronmu kamar labule, ya ɗauki yaron ya buga da ƙasa. Mutanen da ke kallo suka yi wani irin nishi. Terrence ya miƙe. Wani a cikin 'yan kallo, namu ne ma, ya ɗaga murya ya ce a kira mai wanki. Aka yi dariya. Na juya na kalli matar, kamar yadda ta umarta. Ba ta yi dariya ba. A kashi na biyu aka sake kayar da shi, na sake juyawa. Zuwa hutun rabin lokaci suna gabanmu da kaɗan, ni kuma wuyana ya fara ciwo.

A kashi na uku ne abin da nake tsoro ya faru. Terrence ya ja baya yana neman wanda zai jefa wa, ya riƙe ƙwallon ya daɗe, irin riƙon mai son jifa mai nisa. Biyu suka same shi lokaci ɗaya, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe. Ƙarar haɗuwar har benci na ji ta. Da suka tashi daga kansa, shi bai tashi ba.

Filin nan kaf ya yi tsit. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu ya kira mu. Mai kula da lafiya ya ruga, na bi shi da gorar ruwa, ba don an ce in bi ba. Ta gefen idona na ga Mista Otis ya jawo gadon ɗaukar marasa lafiya daga ƙarƙashin benci ya jingine shi. Wannan karon ban juya ba. Na kasa.

Yaron yana kwance rigingine, idonsa a buɗe, bakinsa a buɗe, numfashi ya ƙi shiga. Mai kula da lafiya ya ɗaga masa ƙugu, yana tambayarsa ko yana jin yatsun ƙafarsa. Ni kuwa duk addu'ar da na iya tun ta allo sai da na karanto, har da wadda ake yi in za a hau mota. A lokacin ban tuna digiri ba, ban tuna takardar zama ba. Tutar nan kawai nake gani. Can sai ƙirjinsa ya ɗaga, ya ja iska da wata ƙara kamar tsohon famfo. Ya motsa ƙafa ɗaya, ya motsa ɗayar. Ya juyo da kai ya gan ni a durƙushe ina hawaye da gorar ruwa.

"Gary," in ji shi da ƙyar, "ina jin rigar nan sai ka wanke ta."

Da ƙafarsa ya fito. A dokar wasan, wanda aka tsayar da wasa dominsa sai ya zauna na ɗan lokaci kafin ya koma. A wannan zaman Koci ya durƙusa gabansa ya riƙe ƙarfen hularsa ya yi masa magana. Ban ji me ya ce ba. Amma da yaron ya koma, McLeansville ta fita daga kansa. Yana karɓar ƙwallo sai ya sake ta nan kusa, kafin ƙaton nan ya iso. Kaɗan-kaɗan muka riƙa matsawa. A nan ne na lura masu tsaron bayan baƙin suna tsaye can nesa, sun bar tsakiyar fili a buɗe. Na dafa Mista Otis na ce ya duba, tsoron jifan da na faɗa ne ya kore su baya. Ya ce in matsa in ba shi wuri. Ana gab da tashi muka kai inda za a iya bugawa da ƙafa, yaronmu mai bugu ya ɗaga ta ta bi tsakanin sandunan da ke ƙarshen fili, muka samu maki. Muka ci da tazarar da ba ta fi kaurin tawul ba.

A ɗakin 'yan wasa ƙartin nan biyar suka ɗauke ni da kayana suka jefa cikin kwandon wanki, wanda a wurinsu sulhu ke nan. Mahaifiyar Terrence ta wuce ta bakin ƙofa da ɗanta, ta kalle ni, ta ɗan gyaɗa kai sau ɗaya. Koci kuwa da ya zo wucewa bai tsaya ba. Cewa kawai ya yi akwai wanki da yawa, Litinin in zo da wuri. Ban taɓa jin daɗin a ce in yi wanki ba kamar ranar. A ƙarshen kakar muka tsaya a tsakiyar teburin gasar, abin da ya isa a bar Koci a kujerarsa, domin ya riga ya shirya kowa ga abin da ya fi haka muni.

Abin da nake so ku ɗauka, ku sababbi, shi ne wannan. In Agusta ta zo kuka ji koci yana kuka a gaban 'yan jarida cewa ba shi da kowa, kada tausayi ya kama ku, kada kuma kunya ta kama ku. Ɗansa yake ɓoyewa. Mutanen nan da ba su taɓa jin sunan Ajuji ba sun san bakin mutane sarai, sai dai su a jarida suke tsoronsa. Kuma a wannan aikin duk wanda ke da mabuɗin ɗakin kaya yana ganin abin da ba a ba shi izinin faɗa ba, mai kyau da marar kyau. In ɗan jarida ya zo teburinku, ku ba shi ruwa. Ruwa kawai.

Duk da haka ban sauka daga maganata ba cewa bakina ne ya ci wasan, kuma tun a ranar na so a shaida. Bayan kowane wasa masu kula da kayan ɓangarorin biyu sukan haɗu a bayan fili su tantance tawul da gorunan da suka cakuɗe. Takwarana na baƙin wani farin tsoho ne mai tauna taba. Na gabatar masa da kaina, na ce ni ne Gary na jarida. Na ce ya yi haƙuri da abin da maganata ta jawo musu, na ga yadda tsoron dogon jifa ya sa masu tsaronsu suka koma baya. Na tambaye shi a wane gefen allo suka kafe ni.

Ya tofar da tabarsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Wace jarida? Ba ta zuwa garinmu. Mu dai mun ji kocinku ya ce ba ku da kowa, shi ya sa namu ya bar manyan masu tsaron bayanmu biyu a gida su huta, waɗancan da ka gani sababbi ne, ba su san inda ake tsayawa ba. Ɗaga ƙafarka, tawul ɗinmu kake takawa."